Ƙofar da Aka Auna da Kan Babur

Duk wanda ya taɓa hawa babur tsakanin Kebbe da Tambuwal ya san Isah Fakku, in bai san fuskarsa ba ya san ƙeyarsa. Ɗan kabu-kabu ne, ya daɗe yana jigilar mutane a kan hanyar nan har ya saba da ramukanta, ya san wanda ya ƙara girma bana, ya san wanda aka cike damina ta sake tonewa. Dogo ne siriri, da rawanin da yake naɗawa saboda iska, da bakin da ba ya hutawa. In ka hau bayansa, kafin ku yi rabin hanya ka ji farashin gero, ka ji wanda ya yi sabon aure, ka kuma ji yadda ya kamata a gina gida, ko ba ka tambaya ba.

A Fakku aka haife shi, gidan noma da kiwo, kuma shi ne ɗan fari. Tun yana ƙarami aka gane ba za a mori wannan a bayan shanu ba. Da ya ji ƙarar inji sai ya yar da sanda ya ruga bakin hanya, shanu su faɗa gonar mutane, mahaifinsa ya yi ta bin gida gida yana ba da haƙuri. Da mahaifin ya rasu aka raba gado, aka sayar da wasu shanun, ciwo ya ɗauki wasu, ƙannensa mata duk suka yi aure suka watsu. Abin da ya rage a tsohon gidan shi ne mahaifiyarsa Inna Maryama, da saniya guda mai suna Kyalla, ja ce, cikinta fari, da ƙahoni masu faɗi kamar an buɗe hannuwa za a rungumi mutum.

To, Inna Maryama tsohuwa ce ta da, mai riƙon kunyar ɗan fari ba wasa. Ba ta taɓa kama sunan Isah ba. Ba ta zama hira da shi, ba ta kallonsa ido cikin ido. In ya je gaishe ta sai ta juya gefe ta amsa a taƙaice, kamar wanda ya zo karɓar haraji. In maganarsa ta kama dole sai ta ce “mai babur”. Duk saƙon da ke tsakaninsu ta bakin matarsa Mas'uda yake bi. Isah bai taɓa jin haushin wannan ba, haka ya tashi ya tarar, kuma ya san tsohuwar tana ɓoye masa man shanu mafi kyau ta ce wai na jikarta Humaira ne.

Abin da ke damunsa shi ne ɗakin da take kwana. Ginin ƙasa ne tun na aurenta, bango ya tsage har kana hango hasken waje, azara ta fara lanƙwasa. Duk lokacin da hadari ya haɗu yana kan hanya, sai ya daina surutu, fasinja ya yi ta mamaki. Yana so ya ɗauko ta ta dawo Kebbe kusa da shi. Amma ina zai sa ta? Shi kansa ɗakin haya yake, shi da mata da 'ya, babur ma a zauren maƙwabci yake kwana.

Da Allah ya nufa, bayan shekaru na adashi da ƙin cin tsire, ya sayi gida. Tsohon gidan wani ɗan kasuwar hatsi ne a cikin garin Kebbe, ginin ƙasa mai kauri, ɗakuna uku, rufin kwano da ya sha duniya. Dama da hagu da baya duk katangar maƙwabta ce, fuska ɗaya kawai gare shi ta bakin hanya. A fuskar nan akwai zaure, a gefen zauren kuma akwai wata ƙatuwar kafa da aka tare da zana, inda jakunan mai gidan na da suke shiga da buhuna.

Isah ya tura Mas'uda Fakku ta yi wa Inna albishir, ta kuma roƙe ta ta dawo kafin damina. Mas'uda ta dawo da amsa.

“Inna ta ce ita ba ta zaman gidan mai babur, ko da wasa. Amma ta ce ciyawa ta yi wuya can, kuma ba ta da ƙarfin bin Kyalla daji. In za a kawo Kyalla Kebbe, to dole ta rako ta, don ba ta yarda kowa shi tatse ta sai ita.”

Mas'uda ta faɗi wannan tana jan kowace kalma, tana kallon mijinta ko zai gane. Shi kuwa abu ɗaya ya shiga kunnensa, Inna za ta zo. Sauran maganar duk ta bi iska.

A nan ne ilimin gininsa ya tashi. Kuma sai an san irin ilimin kafin a gane abin da ya biyo baya. Ɗan kabu-kabu ƙofar gida yake ajiye fasinja, ya karɓi kuɗinsa ya juya. Isah ya san fuskar kowane gida mai kyau a Tambuwal, ya san mai fenti ruwan ƙwai, ya san mai ƙofar ƙarfe da zanen fure, ya san mai matakala da tayil. Amma cikin gidajen nan bai taɓa taka ko ɗaya ba. A wurinsa gida fuska ce, abin da ke bayanta kuwa Allah zai rufa asiri.

Ya ɗauko magini, Malam Sambo, mutum mai sanyin hali wanda bai taɓa yi wa mai aiki musu ba tun da ya fara riƙe cokalin gini. In ka ce masa a sa taga a ƙasa ƙofa a sama, zai ce ai haka ma ya fi. Da suka zagaya gidan Malam Sambo ya ɗaga kai ya dubi kwanon da rana ke ratsowa ta cikinsa, ya ce a hankali, “Ko rufi za mu fara?”

“Rufi wa ka ganin shi?” in ji Isah. “Tsuntsaye? Gaba za mu fara. In Inna ta sauka, abin da za ta fara gani shi nika so shi yi kyau.”

“Ai haka ma ya fi,” in ji Malam Sambo.

Aka fara da kafar jakuna. Isah ya ce tana ɓata fuskar gida kamar giɓi a bakin amarya, aka toshe ta da bulo aka shafe da siminti. Aka rushe tsohuwar ƙofar zaure za a sa ta ƙarfe. Da maƙerin Tambuwal ya tambayi faɗinta, Isah bai tsaya neman igiyar awo ba. Ya tura baburinsa gaban shagon, ya nuna kan babur daga madubi zuwa madubi, ya ƙara tafin hannu guda, ya ce a yi haka. Me zai shiga gidansa da ya fi babur faɗi? Ƙofa ta zo, shuɗiya mai zanen zinariya. Aka yi mata matakala da tayil mai sulɓi, aka bar wata 'yar siririyar hanya a tsakiya daidai tayar babur. Sannan ya ɗauko wani mai zane daga Jabo, ya zana masa babur a kan bangon da aka toshe, da furanni kewaye, a ƙasa aka rubuta Gidan Isah Fakku da manyan baƙaƙe.

Kai, gidan ya yi kyau, wannan ba a musu. 'Yan kabu-kabu abokansa suna tsayawa su ɗauki hoto. Isah ya rage fita aiki, sai ya shimfiɗa tabarma a tsallaken hanya ya zauna yana kallon gidansa kamar baƙo.

Daga nan ya shiga ciki. Ya sa aka malale tsakar gida da siminti tun daga zaure har bakin ɗakuna, aka goge shi sumul. Akwai wata 'yar kafa a gindin katanga inda ruwa ke fita, ya ce ta nan ɓeraye ke shigowa, aka toshe. Ɗakin Inna aka sa masa tayil fari da fenti kore. Mas'uda ta zo duba aiki ta tsaya tsakar gida ta juya ta juya.

“Baban Humaira, ina Kyalla za ta zauna?”

“Ga fili nan awa filin ƙwallo? Ke dai ba ki san zamani ba.”

“To ta ina za ta shigo?”

Daidai lokacin mai fenti ya kira shi daga waje a kan maganar kalar taga, ya fice bai amsa ba. Mas'uda ta sake tayar da maganar sau biyu ko uku a kwanakin da suka biyo, kullum sai ya ce mata ta bar harkar gini ga maza. Ta bar musu.

Ruwan farko bai jira an gama ba. Wata ranar Laraba da hantsi hadari ya taso daga gabas ya zuba kamar da bakin ƙwarya. Kwanon da tsuntsaye kaɗai ke gani ya nuna halinsa, koren fentin ɗakin Inna ya zubo layi layi har ƙasa. Tsakar gida kuwa, da babu ƙasar da za ta sha ruwa babu kafar da zai fita, ta zama tafki. Takalman Isah suka yi iyo suka shiga madafa. Shi da Mas'uda suka wuni suna kwasar ruwa da roba suna watsawa ta shuɗiyar ƙofa, maƙwabta na yi musu sannu suna danne dariya. Washegari aka kira Malam Sambo ya buɗe kafar ɓeraye, aka hau rufi aka yi faci, aka sake fenti. Malam Sambo ya ce ai haka ma ya fi.

Amma ruwan nan ya tsorata Isah ta wani wajen. In sabon siminti ya sha wannan wuya, ina ga ɗakin Fakku? Bai ƙara kwana biyu ba ya yi shatar a-kori-kura, ya tura Mas'uda ta ɗauko Inna da kayanta da saniyarta.

Bayan azahar motar ta iso. Inna ta ƙi zama gaba, tana baya a kan ƙullin kayanta, hannunta ɗaya riƙe da igiyar Kyalla. Isah ya sa sabuwar shadda, ya tsaya daidai ƙarƙashin zanen babur yadda in ta ɗago za ta gan su tare. Aka sauke tsohuwa, aka sauke turmi da ƙore da tukwane, aka jingina katako aka sauko da saniya. Inna ba ta dubi zane ba, ba ta dubi mai babur ba. Ta ja igiya ta nufi ƙofa.

Kyalla ta hau matakala ɗaya, kofatonta ya zame, ta dafe. Ta miƙa kai cikin ƙofa. Ƙaho na dama ya daki ƙarfe, ƙaho na hagu ya daki ƙarfe, ƙofar ta yi ƙara kamar an buga ganga. Saniya ta ja da baya ta tsaya tana kaɗa jela.

Nan take jama'a suka taru, don a Kebbe ba a rasa masu ba da shawara kyauta. Wani ya ce a karkata kanta, ƙaho ɗaya ya fara shiga. Aka karkata, Kyalla ta fizge ta kusa tsire mai shawarar. Wani ya ce a shigar da ita da baya. Aka juya ta, gindi ya shiga, ciki ya shiga da ƙyar yana goge zanen zinariya, da aka zo kai aka koma gidan jiya, sai da aka sake turo ta waje. Wani mahauci da ke wucewa ya ce shi yana da zarto, in an rage tsinin ƙahonin kaɗan shi ke nan. Inna ta juyo ta dube shi sau ɗaya. Mutumin ya tuna ana jiransa a kasuwa.

Isah ya jiƙe sharkaf cikin sabuwar shadda. Ya ce a ɗaure saniyar a waje tukuna, ko a kai ta garken wani abokinsa a bayan gari, Inna ta shiga ta huta, gobe a san abin yi. Inna ta juya gefe yadda ta saba. Ta koma gindin katangar maƙwabci ta zauna a kan ƙullinta, ta yafito Mas'uda.

“Ce ma direba kar shi tafi. A maida kaya.”

“Haba Inna, ga ɗakinki can an gyara.”

“Ni ba ɗaki niz zo nema ba, ina da nawa. Saniya nir rako. Tunda gidan bai karɓe ta ba, mi nika yi ciki?”

Ta faɗi haka da murya daidai yadda mai babur zai ji. Direba kuwa ya fara duban sama, don gabas ta soma yin baƙi, ya ce in za a koma a yi sauri kafin hanya ta jiƙe.

Mas'uda ta ja mijinta cikin zaure. Wannan karon ba ta ja kalma ba, kai tsaye ta faɗa masa.

“Baban Humaira, kai kaɗai na ba ka gane ba. Inna so takai ta zauna, ta gaji, tsoron ɗakin ga takai. Amma da wane ido za ta ce ma mutanen Fakku ta koma gidan ɗanta na fari? Kyalla ita ta mayafinta. In saniyar ga tana ciki, Inna kiwo taz zo. In tana waje, Inna ta zama wadda ɗanta ka ci da ita, kuma ta gwammace ɗaki shi faɗo mata da a ce haka. Kai ka auna babur, ba ka auna wagga ba.”

Kunya ta kama Isah, da haushin kansa, da tausayin tsohuwar da ta ƙulla wannan dabara duka don kawai ta kwana kusa da shi ba tare da ta faɗa ba. Ya leƙa waje. Ana ɗora turmi a mota. Ya dubi dama katangar maƙwabci, ya dubi hagu katangar maƙwabci. Hanya ɗaya ce, kuma ya san inda take, shi da kansa ya biya aka toshe ta.

Ya fito ya tuɓe shadda ya miƙa wa Mas'uda, ya aika aka kira Malam Sambo da babbar guduma. Da magini ya iso ya ga inda ake nuna masa, karo na farko a rayuwarsa ya yi gardama.

“A nan? Bisa zanen? Isah, ko fentin bai gama bushewa ba.”

“Kawo gudumar in ba ka iyawa.”

Shi ya fara kai dukan, daidai kan tankin babur ɗin da aka zana. Siminti ya tsage. Ya sake kaiwa, fure ya faɗo. Abokansa 'yan kabu-kabu da suka sha ɗaukar hoto a wurin suka yi salati, sannan suka karɓi gudumar suna yi bi da bi. Sunansa ya dinga zubowa baƙi bayan baƙi, har abin da ya rage a bango shi ne Gidan, sai kuma ƙatuwar kafa, daidai inda jakuna suka bar ta.

Aka janye bulo. Kyalla ta shiga da ƙahoninta a buɗe, ba ta taɓa ko gefe ba. Jama'a suka yi shewa. Shewar ba ta sauka ba saniya ta taka simintin tsakar gida mai sulɓi, ƙafafun gaba suka tafi gabas, na baya suka tafi yamma, ta zube a kan cikinta tana kuka. Sai da maza shida ko bakwai suka ɗaga ta. Aka ruga da babura bakin rafi aka yi ta kawo yashi a buhu ana zubawa. Sannan aka zo kafa turke, aka ga babu inda zai shiga. Isah bai ma jira an faɗa ba, ya ɗauki guduma ya fasa kusurwar tsakar gidan har ƙasa ta bayyana, aka kafa turke aka ɗaure ta. Kyalla ta shinshina wurin, ta juya, ta yi kashi. Malam Sambo ya share gumi ya ce wallahi haka ma ya fi, kuma wannan karon da gaske yake.

Duk wannan bidirin Inna na zaune a kan ƙullinta ba ta motsa ba. Turmi na cikin mota, direba ya tayar da inji. Isah ya tsaya gefe, fari fat da ƙurar siminti tun daga gashin ido har yatsun ƙafa, tafin hannunsa ya yi bororo. Ba shi da ikon ya roƙe ta, ba shi da ikon ya matsa kusa. Ya yi abin da zai iya, saura nata.

Tsohuwa ta dafa gwiwa ta miƙe. Ta wuce shuɗiyar ƙofa ba ta ko kalle ta ba, ta bi ta kafar saniya, tana tsallake fasassun bulo. Ta je ta duba turke ta girgiza shi, ta duba igiya, ta shafa wuyan Kyalla. Ta leƙa ɗaki mai koren fenti ta fito. Ta ɗan jima tsaye a tsakar gida. An fara kiran la'asar a masallacin unguwa.

“Mas'uda.”

“Na'am, Inna.”

“Ina gabas a gidan ga?”

Mas'uda ta nuna mata, ta ruga ta ɗauko buta da tabarma. Ta leƙa waje ta ce wa direba ya sauke turmi.

Isah bai tsaya ganin sauke turmi ba. Ya shige zaure ya tura shuɗiyar ƙofarsa ya rufe, ya zauna a kan baburinsa, ya kifa kai a tsakanin madubai biyu ya yi kuka sosai, a hankali, don kada ta ji. Daga tsakar gida yana jin ƙarar ruwan alwala a kan siminti, da muryarta tana ce wa Mas'uda a faɗa wa mai babur ya wanke hannun nan da ruwan ɗumi kafin ya kumbura.